Faifai na Huɗu

"Tsaya, tsaya," in ji Allura ta cikin lasifika, ya kashe kiɗan. "Fito ka ji da kunnenka."

Gatari ya zare abin sauraro daga kansa, ya harare shi ta gilashin da ya raba ɗakin ɗaukar murya da teburin na'urori. Ana tsayar da shi a waƙar da ko daga barci aka tashe shi zai rera ta ba gargada. "Hayaƙi" ce fa, waƙar hip-hop ɗin da ta fito da ƙungiyar Murhu, tun lokacin da su ukun suke da suma a ka kuma babu mai tumbi a cikinsu. Allura ne mai haɗa musu kiɗa tun wancan zamani, yanzu kuma situdiyon nasa ne.

Ya fito ya tsaya a bayan kujerar Allura. Muryarsa da aka ɗauka ta cika ɗakin, ta yi kauri amma tana nan da kaifinta.

"Mun taso a layin da rana ke tsoron..." sai shiru, kiɗa kawai. "Mu uku ne muke karɓa-karɓar..." shiru. "Yunwa ta kayar da mu, waƙa ta zo ta..." shiru.

"Tsoron me?" Allura ya tambaya. "Karɓa-karɓar me? Duk baitukanka babu wutsiya, kamar an bi su da almakashi."

Gatari ya san dalili. Kalmar ƙarshe ta kowane baiti ba tasa ba ce, ta Barkono ce, na ukunsu. Haka suka saba aiki tun suna yi a bakin titi: Gatari ya zubo baiti da gudu, Barkono ya cafe kalmar ƙarshe ya ɗaga ta da ƙarfi, shi kuma a wannan ɗan tsakanin ya ja numfashi ya auka wa na gaba. Jama'a suna cewa Gatari ba ya numfashi in yana waƙa, shi kuwa bai taɓa gyara musu zance ba. Yau ga shi shi kaɗai a gaban makirfo, bakinsa yana barin gurbin mutumin da ba ya nan.

"Wannan ai ba komai ba ne," ya ce. "Saka min."

Ya koma ciki. Baiti na farko ya fita har da wutsiyarsa, na biyu ma ya lallaɓa. A na uku iska ta ƙare masa a tsakiyar kalma, tari ya sarƙe shi, ya dafa gwiwoyinsa yana haki kamar wanda ya biyo mota a guje. Allura ya yi masa kara, ya sunkuyar da kai yana taɓa maɓallan da ba su buƙatar taɓawa. Wannan karar ta fi dariya ciwo.

"Wai ni kam," in ji Gatari da ya samu ya zauna, "wa ya ce yana buƙatar faifan nan?"

"Kamfani. Kai ma ka ce."

Gaskiya ne, ya ce. Sau uku Murhu tana fitar da faifan zaɓaɓɓun waƙoƙinta, kuma waƙoƙin dai su ne, sai dai a sauya musu jeri a sake hoton bango. Ɗumame ne ake ta maimaitawa, kowa ya sani. Amma duk sanda aka fitar, gidajen rediyo sukan kira Gatari hira, masu shago su riƙa ɗaga masa hannu, ya yi 'yan watanni yana jin shi wani ne. Wannan karon kamfanin ya ce a sake rera waƙoƙin da sabon sauti, shi ya kawo su nan.

"Akwai hanya," Allura ya ce, bai dube shi ba. "Akwai manhajar da za ka ba ta tsoffin waƙoƙinmu ta saurara, ta kwaikwayi muryar Barkono tsaf. Ta cike maka duk guraben. Sai dai kamfani sun ce dole ya yarda. Tunda ba ya magana, ko kai ya gyaɗa a bidiyo ya isa. Yau suke so."

"To ka je mana."

"Ni kullum ina zuwa. Wannan roƙon naka ne, baitukanka ne."

A cikin bas Gatari ya ja hularsa ya rufe goshi, ko da yake babu wanda ya nuna ya gane shi. Tun da ciwo ya shanye wa Barkono ɓarin jiki ya tafi da maganarsa, sau ɗaya tak ya je duba shi, a asibiti. Ya ga bakin nan da ke tayar da filin wasa ya karkace, yana ta kokawa da kalma ɗaya ta ƙi fita. Ya ce zai je ya amsa waya, bai koma ba. Daga nan kullum gobe, kullum a gaishe shi, har Allura ya daina tambayarsa yaushe. Yanzu ga shi zai je, kuma abin da ya ɗaga ƙafarsa buƙata ce. Kunya ta sa har ya wuce inda zai sauka, sai da ya dawo da ƙafa.

Matar Barkono ya tarar tana shanya zannuwan gado a igiya. Amarya yake ce mata tun aurenta da Barkono, ga shi har ta yi jika. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu ta dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Yau wace rana? Ɓatan kai ka yi, ko motarka ce ta mutu a ƙofarmu?"

"Amarya, a yi min afuwa. Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana inda ka bar shi. Shiga, ba ya cizo."

An kawar da kujerun falo an sa gado a gefen taga. Barkono yana zaune a kujerar roba, tawul a kafaɗarsa, ƙwallon roba a hannun da ya shanye, sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu jingine kusa da shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Da ya ga Gatari, rabin fuskarsa ya yi murmushi, ya buga hannun kujera da lafiyayyen hannunsa.

Gatari ya durƙusa ya kama hannun. Ya yi gaisuwa, ya sake yin wata, ya tambayi jiki, ya ba kansa amsa. Barkono ya yi ta motsa leɓe, wuyansa ya ɗaure, abin da ya fito bai wuce "to... to" ba. Amarya ta ajiye wa baƙo ruwa ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Gatari ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kama surutu don ya cike wurin.

"Daga wurin Allura nake. Tsufa ya kama ni, mutumina. Wai yau ni ne na kasa 'Hayaƙi'. Na ce, mun taso a layin da rana ke tsoron..."

"Shiga!"

Kalmar ta fito garau, da ƙarfinta, kamar daga bakin wani mutum dabam. Amarya ta saki hannuwanta. Barkono kansa ya zaro ido.

Gatari ya ci gaba. "Mu uku ne muke karɓa-karɓar..."

"Riga!"

"Yunwa ta kayar da mu, waƙa ta zo ta..."

"Ɗaga!"

Suka tafi har ƙarshen waƙar, Gatari yana buga cinyarsa a madadin kiɗa, numfashinsa bai yanke ko sau ɗaya ba. Amarya ta zauna a bakin gado tana share ido da gefen mayafi, tana cewa likita ya taɓa gaya mata wani lokaci waƙa takan fita inda magana ta ƙi, ta yi ta kunna masa faifan amma bai taɓa amsa wa faifai ba. Gatari yana jin ta, amma wani tunani ya riga ya ɗarsu a ransa: da an ɗauki wannan a bidiyo, da faifan ya gama sayar da kansa. Sai da ya ji sanyin wayar a tafinsa ya san hannunsa ya shiga aljihu.

Barkono ya ga hannun, ya ga wayar. Ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya zana da'ira a iska, ya nuna yatsu huɗu, ya ɗaga gira.

"Tambayarka yake," in ji Amarya, muryarta ta koma yadda take a tsakar gida. "Wai faifai ne? Na huɗu?"

Da ƙasa za ta tsage da Gatari ya shige. Ya yi bayanin kamfani da manhajar da ke kwaikwayon murya da gyaɗa kai a bidiyo, yana yi yana kallon ƙafar kujera. A ransa yana fatan Barkono ya jefe shi da ƙwallon nan, ko Amarya ta nuna masa ƙofa, ya san an biya shi daidai da abin da ya yi.

Barkono ya gyara zama. Ya cire tawul ɗin daga kafaɗarsa ya miƙa wa matarsa, ya shafa gemu, ya goge gefen bakinsa da ya karkace, ya nuna wayar. Gatari ya ɗaga ta ya kunna bidiyo. Barkono ya dubi wayar sosai ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa don kada a ce ba a gani ba.

"To, ka samu abin da ka zo nema," in ji Amarya ta miƙe. "Ka gaida Allura."

Amma Barkono ya riƙe wa Gatari hannun riga. Ya saki, ya shiga taka ƙasa da lafiyayyar ƙafarsa, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu, yana juya hannu kamar mai murza ƙaramar ƙafar keken ɗinki.

"'Keken Inna' yake so," ta ce. "Ita yake sa ni in yi masa in yana jin daɗi, ni kuwa ban riƙe ta ba, faifan ma ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida."

Gatari ya tuna waƙar. A ɗakin mahaifiyar Barkono suka ɗauke ta, ƙarar keken ɗinkinta ce kiɗan, tsohuwar tana taka musu tana faɗan sun hana ta aiki. Tana cikin faifansu na biyu, tun kafin a fara fitar da zaɓaɓɓu. Ba ta yi tashe ba, don haka ba ta taɓa shiga zaɓaɓɓu ba, kuma abin da bai shiga zaɓaɓɓu ba Murhu ta daina rera shi a ko'ina tun da daɗewa.

"Wannan ai mai sauƙi ce," ya ce, ya kifa wayar a kan gado. Ya kama bugun ƙafar Barkono. "Inna tana taka keke, mu muna taka..."

"Rawa!"

Gatari ya ja numfashi, ya buɗe baki, bai tarar da komai ba. Ya sake ɗauko baitin farko don ya ja na biyu, Barkono ya sake cafewa, nan ma babu. Ya lalubi kansa ko'ina, duk inda ya taɓa sai "Hayaƙi" ta fito, ita da 'yan'uwanta da ya yi shekaru yana maimaitawa. Gumi ya keto masa a wuya.

Barkono bai daina taka ƙasa ba. Ya karkato gaba, leɓɓansa sun riga sun haɗu a kan kalmar da ke jiran a kawo mata baitinta, idanunsa a kan bakin Gatari.

"Tuna min farkonsa," Gatari ya ce a hankali, kafin ya ji abin da ya faɗa da wanda ya faɗa wa.

Wayar ta fara ruri a kan gado, Allura ne. Babu wanda ya taɓa ta. Amarya ta ɗauki kofin ruwan da bai sha ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yi tunaninka a hankali, kada ka takura kanka," ta ce. "Ya iya jira."