Fasfo Uku a Jakar Yaya

Ɗan sandan ya turo takarda da biro ta ƙarƙashin gilashi, ya tambayi fasfo nawa aka sace. Yaya ya ɗaga yatsu uku. Auta ta ji kamar ta kama yatsun nan ta lanƙwasa su baya.

Tun ranar da suka kawo Mama ƙasar nan aikin ido, Yaya ya karɓe fasfo ɗin kowa ya zuba a jakar ƙugunsa, wai shi ne babba, kuma mata ba su iya ajiya ba. Auta fa shekara bakwai tana riƙe da makullin ɗakin magani na asibitin da take aiki, ko allura ba ta taɓa ɓatarwa ba. Ta ce a bar su a akwatin ƙarfe na otal a riƙa fita da kwafi, ya ce bai yarda da otal ba. Ta ce to ya mayar da jakar cikin riga, ya ce ba yau ya fara tafiya ba. Haka ya dinga yawo da ita a kan tumbi yana zuge ta a gaban kowane mai shago, har yau da hantsi wani ya yanke maɗaurinta a cunkoson tashar jirgin ƙasa. Bawan Allah bai ankara ba sai da ya zo sayen ruwa.

Gobe jirginsu zai tashi, ofishin jakadanci kuma ya ce takardar tafiya ta gaggawa sai bayan kwana goma.

Abin da Yaya bai sani ba, fasfo biyu ɓarawon ya samu. Da safe yana wanka Auta ta zare nata, ta soke a aljihun da ta ɗinka cikin siket. Ta baro 'yarta mai wata tara a gida, kuma ta rantse girman Yaya ba zai hana ta ganinta gobe ba.

Niyyarta ta yi shiru har su fita, don ta san halin bakinsa. Sai ɗan sandan ya yi musu bayani cewa duk lambar da aka rubuta a takardar nan take za a soke fasfo mai lambar, ko an tsince shi daga baya ya zama banza. Yaya ya rubuta tasa, ya rubuta ta Mama, duk daga hotunan da Auta ta ɗauka a wayarta tun farko, lokacin da yake yi mata dariya. Ya ce ta karanto tata.

"Nawa yana nan," in ji ta. Ta juya ta fuskanci bango ta ciro shi.

Yaya ya kalle shi, ya kalle ta. "Jakata kika buɗe? Sata kika yi mini?"

Nan fa abin da ta haɗiye sati biyu ya fito. Ta gaya masa kayanta ta ɗauka, ta gaya masa sau nawa ta roƙe shi, ta ce girman kansa ne ya maƙale da tsohuwa mai ciwo a ƙasar da ko gaisuwarsu ba su iya ba. Ɗan sandan ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su hargitse ba. Yaya ya bari ta gama, sannan ya miƙo hannu ya ce ta kawo ya ajiye kafin shi ma ya ɓata. Wallahi da ba ofishin mutane ba ne da ta yi ihu.

Mama na kan benci, ido ɗaya a naɗe da bandeji, sai ta ɗago kai.

"Auta, da kika buɗe jakar, ba ki ga nawa ba?"

Ta gani. Shi ne ma a sama. Sai da ta ɗaga shi ta ciro nata, sannan ta mayar da shi a hankali, don kada Yaya ya ji jakar ta yi sako-sako ya gane.

"Na gani, Mama."

Mama ta gyaɗa kai, ta gyara zaman mayafinta. "To. In kin isa ki shafa mini kan yarinyar."