Ƙwanƙwasa a Motar Gawa

"Na ce miki motar nan lafiyarta lau," in ji Berting. "Har bakin gada na kai ta na dawo, ko tari ba ta yi ba."

"Kai ka kai ta, ai kai ba gawa ba ne."

Ate Pasing, yayarsa, ta zauna a kan tsohuwar taya tana fifita da kwali. Motar ɗaukar gawa ta gada daga mijinta, baƙar Chevrolet da ta girmi Berting, da ita take ci. Yanzu magana ta zaga gari cewa duk mamacin da aka saka a ciki sai ya ƙwanƙwasa akwati. Mutane sun fara komawa wajen mai sabuwar farar mota. Gobe za a binne Mang Teban mai aski, iyalinsa kaɗai suka rage mata.

"Ate, matattu ba sa buga ƙofa."

"To kurman bakanike, wa ke bugawa? Ni?"

Abin ya tsaya masa a rai. Ya loda buhunan shinkafa a baya, ko nauyi ne, ya zaga kasuwa ya dawo. Shiru. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya miƙa mata makulli.

"Ja ta yadda kike ja ranar binnewa."

Ta ja, tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta iya bi. Shi kuma yana biye a ƙasa, shi kaɗai, masu shaguna suna ta cire hula. Suna wuce coci ya ji. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar da gaɓar yatsa.

Ya buɗe bonet, ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan injin, ƙotar a kunnensa, yana matsawa kaɗan-kaɗan har ƙarar ta shigo masa cikin haƙori.

"Tafet ne, 'yan ƙarafan nan na cikin injin," ya ce. "Baƙin mai ke cika su, su ɗaga bawul. Ke kuma kullum rarrafe kike da ita, man ba ya samun ƙarfin hawa. Ni da na taka totur, sai ya cika ya yi shiru."

"Wato laifina ne da ban yi tsere da gawa ba."

Ya aro kiret ɗin ƙwai a shagon maƙwabta. Duk tafet ɗin da ya zaro sai ya ajiye shi a gurbinsa, don kowanne da ramin da ya saba, in aka sauya sai ya ci ƙarfe. Ɗaya ya samu ya ƙage, datti ya daskare a cikinsa kamar kwalta. Ya warware shi, ya jiƙa a kananzir, ya bi 'yar ƙofar man da siririyar waya. Da ya danna da yatsa, sai ya ji ya dawo da kansa. Ya daɗe yana dannawa, fiye da yadda aikin ke buƙata.

Washegari ya shiga cikin masu rakiya, kunnensa na kan mota. Aka wuce coci. Ba komai, sai jan silifa da kukan wata jika. Ate Pasing ta leƙo ta madubi, ya ɗaga mata gira.

Matar mamacin, Aling Choleng, tana gaban masu rakiya, tafin hannunta a kan gilashin baya. Tun daga coci Berting ya lura tana kara kunne. A ƙofar maƙabarta mota ta tsaya, ita ba ta ɗauke hannu ba. Ate Pasing ta fito ta kama ta.

"Pasing, da gangan na zaɓi motarki," tsohuwar ta ce. "An ce a nan suke yin sallama. Mijin Nena ya yi, har yaron nan da ruwa ya ci."

Ta dubi Ate Pasing, ta dubi Berting da baƙin mai a farcensa.

"Nawa mijin me na yi masa da bai ƙwanƙwasa ba?"