Hannun da Ya Ƙi Fitowa

Saura fitowa ɗaya Orysia Hnatiuk ta gama fim ɗinta na farko, sai ɗan wasan da ke taka rawar babban hafsan sojojin da suka taso daga kabari ya zame a kan ƙanƙara, ya karya kafaɗa. Kakin da aka ɗinka masa na dogon mutum ne, kuma duk yankin Dauphin dogo ɗaya ne zai yarda a binne shi da ransa saboda Orysia: mahaifinta, Myron.

Ta same shi a gareji yana fama da injin kwashe ƙanƙara. Tato take kiransa, wato baba a harshensu.

"Tato, ina da roƙo, kuma ba za ka so shi ba."

"To kar ki roƙa mana."

"Kakin zan sa maka. Na hafsan Nazi."

Ya ajiye sufana, ya goge hannu a wando. Orysia ta san abin da ta taɓo. Kakanta, Dido, ya yaƙi masu wannan kakin a Italiya, ya dawo gida da kunne ɗaya a toshe da baki a rufe. Bai taɓa ba kowa labarin yaƙin ba. Abin da ta riƙe nasa ɗaya ne: in maraƙi ko kare ya mutu a gona, sai ya binne shi, ya hau kan ramin ya tattake da takalmi, ya ce, "Kwanta nan." Daga nan ya juya, ba ya waiwaye.

Ita kuwa a gaban allon wasan bidiyo ta girma, tana harbin gawarwakin sojojin Nazi da ke tasowa daga ramuka da idanu kamar garwashi. Ta so irin waɗannan labaran tun tana ƙarama, domin su ne kaɗai abokan gabar da mutum zai harba zuciyarsa ba ta tuhume shi ba. A ganinta fim ɗin nan kyauta ce ga Dido, ko da ba ta taɓa samun bakin faɗa ba.

"Yaya zai ƙare?" in ji Myron.

"Jarumar fim ɗin ta kashe hafsan, 'yan ƙauye sun binne shi, kowa ya watse. Kyamara na kallon kabarin. Shiru, shiru. Sai hannunsa ya fasa ƙanƙara ya fito."

"Wato bai mutu ba."

"Haka ake ƙare irin waɗannan finafinan, Tato. Kowa na jiran hannun."

Ya ce, "Hm." Ya koma kan injinsa. Can ya tambaye ta ƙarfe nawa ake son shi.

Ranar ɗauka, matan coci suka kawo abincin rana har gonar alkamar da ake aikin a cikinta. 'Yan wasan da aka yi wa shigar gawarwaki suka yi layi da farantan takarda, fuskoki a ruɓe, haƙora a waje, kowa na cewa na gode. Goggon Orysia, Slavka, yayar Myron, ita ke riƙe da ludayi tana zuba musu pirogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa.

"Kai mai rabin hanci, ɗan gidan Kowalchuk ne ko? Ka gaida uwarka, ka ce ta dawo min da tukunyata."

Da Myron ya iso gabanta cikin doguwar riga mai launin toka da hular kwano, sai ludayin ya tsaya a sama. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da babanmu ya gan ka haka, da bindigar harbin agwagi zai tarbe ka."

"Ba zai same ni ba. Kin manta bai taɓa samun agwagwa ko ɗaya ba?"

"Kai ka fi agwagwa faɗi." Ta zuba masa ninkin na kowa. "Ci. Gawa ma ba ta shiga rami da yunwa."

Orysia ta yi dariya tare da su, amma hankalinta na kan aikin. Dama ɗaya gare su. An haƙa rami mara zurfi, an shimfiɗa barguna, an sa bututun numfashi da ke ɓullowa a bayan wani dutse. In an rufe mutum, sai an rairaye dusar ƙanƙara a kai har ta kwanta sumul kamar ba a taɓa taka wurin ba. Rana na gangarowa, gobe kuma za a mayar da kyamarar haya birnin Winnipeg. Ko da ma akwai lokaci, ba za ta binne mutum mai shekara kusan saba'in sau biyu ba.

Wendell Fehr, mai ɗaukar hoto, ya durƙusa kusa da ramin yana nuna wa Myron yadda ake yi.

"Kar ka yi sauri, Mista Hnatiuk. Yatsu tukuna, a lanƙwashe, kamar kana neman wuyan wani. Sannan ka dunƙule."

"Kai ka taɓa tashi daga kabari ne, Wendell?"

"Duk ranar Litinin."

Aka sa masa oba-oba kusa da kunne, aka rufe shi. Orysia da kanta ta rairaye dusar ƙarshe a kan wurin da fuskarsa take. Ta ja da baya ta tsaya wajen kyamara. Fili fari fat har iyakar gani, inuwar bishiyoyi ta yi shuɗi, rana ja tana kwance a kan kabarin.

"Mu je," ta ce. Ta bar shirun ya yi tsawo yadda ta tsara, sannan ta danna oba-oba. "Tato, yanzu."

Ba abin da ya motsa.

"Tato. Hannun."

Iska ta ɗebi ɗan ƙurar ƙanƙara ta wuce da shi ta kan kabarin. Gawarwakin da ke tsaye a bayanta suka daina taunar abinci. Wendell bai ɗaga ido daga kyamara ba, amma ya raɗa mata, "Ko bai ji ba ne?"

Sai ta tuna da ƙwayoyin zuciyar da yake sha kowace safiya. Ta yar da oba-oba ta ruga, ta faɗa kan kabarin tana tono da hannu biyu, tana kiran sunansa. Hular kwanon ta bayyana, sannan fuskar mai fentin ruɓa. Idanunsa a buɗe suke, yana kallonta cikin natsuwa.

"Kin ɓata ƙanƙarar," ya ce.

"Na zaci ka mutu. Me ya sa ba ka amsa ba?"

"Na ji ki sarai." Ya tashi zaune da ƙyar, dusa na zuba daga kafaɗunsa. "Wallahi da niyyar yi na shiga, 'yata. Har na lanƙwasa yatsun yadda yaron nan ya ce. Sai na ga kakanki tsaye a kaina. Shi da abokansa ne suka kwantar da mutanen nan, wasu cikin abokan suna can Italiya a binne har yau. Ni kuma in ɗauki hannun da ya haifa in tayar da su? Hannun ya ƙi. Ki yi haƙuri."

Wendell ya matso yana duban sama. "Akwai sauran haske kaɗan. In muka yi sauri, in sa hannun rigar ni, mu ɗauka a can gefe inda ba a taka ba. Ba wanda zai gane."

Gaskiya ya faɗa, kuma Orysia ta sani. Fim ɗinta ne, ita ta rubuta hannun nan, ta yi mafarkin ihun da 'yan kallo za su yi. Ta dubi mahaifinta zaune a rami cikin kakin da ya tsana, leɓunansa sun yi shuɗi da gaske a ƙarƙashin fenti.

"Kyamara na ɗauka duk lokacin nan?" ta tambaya.

"Har sanda kika shigo da gudu."

"Nuna min."

Suka sunkuya kan ɗan allon. Kabari fari, jan haske, iska na wucewa. Ita da ta san komai ma sai ta ji tana riƙe numfashi tana jiran hannun. Ta jira, ta jira. Ƙasa ta riƙe abin da aka ba ta.

"A nan zai ƙare," ta ce.

"Za su ce mun manta ne, Orysia."

"Su ce."

Ta koma ta kama mahaifinta ta fito da shi. Ya cire doguwar rigar da hular, ya jefa su cikin ramin, ya tsaya daga shi sai rigar sanyinsa mai zanen murabba'i. Slavka ta yafa masa bargo tana faɗa, wai tsoho da shi bai san ciwon kansa ba. Amma Orysia ta ga goggon ta juya tana share ido da gefen gyale.

Orysia ta tura dusar ƙanƙara da ƙafa ta rufe kakin, ko da ta san gobe sai an tono shi an mayar wa mai ɗinki. Ta hau kai ta tattake da takalminta.

"Kwanta nan," ta ce.

Myron ya dafa kafaɗarta, suka nufi mota. Ba wanda ya waiwaya.