Sunan da Babu a Rajista

…kuma na ci su, Tela. Kina jina? Da fensir guda da tsofaffin littattafai na ci su. Ga ni a bencin ofishin rajistar haihuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga ɗanki can a bakin taga yana cike takarda — har yanzu a karkace yake riƙe alƙalami, shekara nawa na yi ina gyara masa? — ga matarsa a gefena da jaririyar a kafaɗa. Jikarki. Kwananta ashirin da uku a duniya, kuma yau sunanki za a rubuta mata.

Na gaskiyan fa. Ba Tela ba, wanda unguwa ta liƙa miki saboda keken ɗinki, har ni ma na bi sahu.

Da farko ko saurarona ba su yi ba. "Baba, ai wannan sunan tsofaffi ne." Tsofaffi! Ita surukar tawa ta riga ta tsinto nata a waya. Gaɓa huɗu, ba wanda ya san ma'anarsa, ka rantse maganin tari ne. Na ce sunan wa aka ci? "Ba na kowa ba ne, Baba. Muna son wanda babu mai irinsa."

Babu mai irinsa… Ni za a gaya wa? Ni da na yi shekara talatin da takwas ina kiran suna a aji kowace safiya? Sabon suna kamar ƙyanda yake shigowa. Bana yaro ɗaya, bayan shekara biyar ka kira, hannu shida su tashi, sai ka koma cewa babba, ƙarami, mai tabo a goshi…

Ban yi gardama ba. A makarantar mishan — rula a bayan hannu, ƙurar alli a hanci — an koya mana kada ka buɗe baki sai ka ƙirga. To, na ƙirga. Talata uku a jere ina zuwa ɗakin rigakafin jarirai, in zauna a bencin ƙarshe tsakanin masu goyo. Tsoho, ba jariri a hannu, sai fensir. Nas ɗin tsohuwar ɗalibata ce. "Malam, kai ma allurar ka zo?" Na ce kira sunayenki, 'yar nan, ni aikina nake yi. Duk sanda ta kira maganin tarin nan, in ja layi. Layi. Layi. Tara, Tela! Tara cikin ɗari da sha ɗaya!

Sai akwatin ƙarƙashin gado. Wanda kika ce sau ɗari in ƙone, wai gidan kyankyasai ne. Da na ƙone fa? Iye? Littattafan da nake kwafe sunayen ajina, shekara bi shekara, ba wanda ya ɓata. Na bi su da yatsa, shafi-shafi, tabarau na zamewa. Sunanki… sau ɗaya. Wata 'yar mai giɓi, a shekarata ta huɗu da fara koyarwa. Daga ita ba a sake ba. Shekara talatin da huɗu, ko ɗaya.

Bayan karin kumallo na shimfiɗa musu takardun biyu a kan tebur, na gyara gefensu ya daidaita, na koma na zauna. Surukar ta karanta, ta sake karantawa.

"Tara, Baba?"

"Har da 'yar mai gyaran waya na bakin titi."

Ta rufe baki tana dariya har kafaɗunta na rawa. Ta dubi mijinta. "To ashe na Mama ne babu mai irinsa." Shi kuma ya sunkuyar da kai — ta hanci kukansa yake farawa, irin naki sak.

Na sani, na sani. Ba don ke ta yarda ba, wata biyu kacal ta san ki. Don babu mai irinsa ta yarda. Ina ruwana? Ƙofar da suka bari a buɗe, ta nan na shigo da ke.

Ga akawun ya ɗaga hatimi. Ji — dum! Shi ke nan. Sunan ya zauna da tawada, ba fensir ba, ba mai gogewa. Ki ga yadda nake zaune, Tela, kamar ranar da ajina ya zo na ɗaya. Da kina nan da kin ce, "Malam, rage kumburin nan, rigar ba za ta ɗauka ba, ni na ɗinka ta…"

Akawun ya leƙo ta taga da takardar. Ya kira sunan. Da ƙarfi, gaba ɗayansa, a tsakiyar jama'a.

Kaina ya juya. Ba wajen jaririyar ba… ƙofa na duba. Ƙofa, Tela. Rabona da jin an kira shi haka tun barandar asibiti, kika miƙe da ƙyar, kika ba ni jakarki, riƙe mini, yanzu zan fito. Ba ki fito ba. Shekara uku ke nan. Jakar tana nan, almakashin yana ciki.

Surukar ta miƙo mini jaririyar. "Baba, ga ta. Kai ka samo, kai za ka fara kiranta."

Ba nauyi. Ɗumi kawai, da ɗan yatsa da ya kama maɓallin rigata. Daga yau za a yi ta ƙwala sunan a tsakar gida — sauko daga nan, zo ki sa takalmi — kuma kullum za a amsa. Za a amsa, da wata murya. Ba abin da na nema ke nan ba? Ba shi na ƙirga ba?

Suna jirana. Ɗanki ya ɗaga waya zai ɗauke mu. Ni da na kira dubban sunaye ban taɓa sarƙewa ba… na ci su, ai na ci su… bakina a buɗe, Tela, ga shi nan a kan harshena, in na kira ta amsa, ke kuma —