Kujerar Baya ta Foksin Mirza Inayat

Shekara biyu da wata huɗu Shafkat Mirza ya kwashe yana gyaran mota guda. Foksi ce ƙirar Jamus, irin mai doron kunkurun nan da injinta ke baya, wadda mahaifinsa marigayi Mirza Inayat ya hau shekara ashirin kafin ya sayar. Shafkat ya bi sawunta hannu zuwa hannu, tun daga Rawalpindi har wani ƙauye bayan Cakwal, inda ya tarar da ita a gindin katanga kaji na ƙwai a cikinta. Mai ita da ya ga baƙo yana shafa murfin inji idonsa na kawo ruwa, nan take ya tuna shi ma ransa na kan motar. Haka aka yi cinikin, wanda ya fi so shi ya ji a jikinsa.

Ba don kansa ya saye ta ba, don Ammi ne, mahaifiyarsa. Tsufa ya soma kwashe mata mutane ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya shiga ɗakinta ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce wa yayarsa Nigat ta kawo wa baƙo shayi. Shekararsa hamsin da biyar, amma ranar ya yi kuka wiwi a bayan gida. Likita ya ce wani lokaci tsohon abu kan tayar da tunanin da ya kwanta. Shafkat ya riƙe maganar nan gam. Abin da yake so bai wuce uwarsa ta dube shi sau ɗaya ta kira sunansa ba.

Ya kai motar garejin Ustad Feroz, tsohon bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne tun kafin a kashe shi. Da a nan abin ya tsaya, da wata uku ya isa. Sai Shafkat ya faɗa hannun ƙungiyar masu tsofaffin motoci, dattawan da ke haɗuwa ranar Lahadi su yi awa biyu suna gardama a kan kan ƙusa guda. Su ƙa'idarsu ɗaya ce, mota ta koma yadda ta fito daga kamfani, ko ɗigo kada ya ƙaru. Kafin wata biyu Shafkat ya fi su zaƙewa, kamar yadda sabon shiga ya saba.

Aka kankare fenti. Aka cire baƙin ƙyallen da Mirza Inayat ya ɗaura wa bamba saboda baki, aka cire ƙugiyar da yake rataye carbi, aka toshe ramin rediyon da ya sa da hannunsa a karkace. Da aka zo kan kujerar baya Ustad Feroz ya dafa ta.

"Shafkat sahib, wannan fa ƙarfenta garau yake. A wanke, a ɗinke, shi ke nan."

"Haba Ustad ji, rigar leda mai furanni? A Jamus ka ji ana yin furanni a kujera?"

"Ni ban taɓa zuwa Jamus ba, iyakata Lahor, can ma biki ya kai ni."

"To a cire."

Aka cire. A gareji kuwa duk abin da aka cire daga jikin mota na Ustad ne, mai mota ba ya waiwayarsa, abin kunya ne ma ya tambaya.

Asabar da Lahadi duk a garejin suke ƙare masa. Sauran ranaku in ya tashi aiki, waya ce a kunnensa yana neman madubin gefe na ainihin shekarar motar. Nigat ce ke ɗawainiya da Ammi, ita kuwa ba ta iya ɓoye magana ba.

"Kai dai ka zo ka zauna da ita ko na awa ɗaya ne. Ko ba ta gane ka ba, tana son a zauna kusa da ita."

"Baji," ya ce wa yayar tasa, "ai duk wannan wahalar don ita nake yi."

"To Allah ya ba motar lafiya. Ka dai kula, garin neman gira ake rasa ido."

Ranar da aka gama, Foksi ta fito shuɗiya fes, mutum na ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Dattawan ƙungiya suka zagaye ta da tocila tsakar rana, suka rasa abin kushewa, abin da bai yi musu daɗi ba. Shafkat ya tuƙa ta zuwa gida a hankali.

Nigat ta fito da Ammi riƙe da hannu. Tsohuwar ta dubi motar, ta dubi silifas ɗinta.

"Ta wace ce? Kada in ɓata musu."

"Tamu ce, Ammi. Motar Abba ji ce," in ji Shafkat.

Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙon da ya faɗi abin da ba a fahimta ba. Ta shiga baya ta zauna a ɗofane, hannu a cinya, ba ta taɓa komai ba. Ya bi da su tsohuwar unguwarsu, ya bi ta gaban masallacin da Abba ji yake salla a da, yana satar kallonta ta madubi. Magana ɗaya ta yi, ta ce wa Nigat motar na warin sabon takalmi.

Dama Ustad ya ce bayan fitar farko a kawo masa ita ya ji muryar injin, don haka suka biya ta gareji. Cikin motar ya yi zafi, dama kamfani bai yi ta da fanka ba, wadda Mirza Inayat ya maƙala kuwa an cire. Nigat ta fito da Ammi ta sha iska. Wurin zama ɗaya ne a inuwar, inda kanikawa ke shan shayi, wato tsohuwar kujerar bayan nan da aka ɗora a kan tayoyi biyu, furanninta sun yi baƙi da man inji.

Ammi ta zauna. Sai ta gyara zama, ta jingina, ta naɗe ƙafa ɗaya. Hannunta ya tafi gefen hagu da kansa, ya lalubo wata 'yar huda a jikin ledar, ta zura yatsa.

"Af, har yanzu Mirza sahib bai sa an ɗinke wannan ba? Kullum sai ya ce gobe."

Shafkat ya saki murfin injin ya zo ya durƙusa a gabanta, bai ko ga man da ke ƙasa ba.

"Wa ya huda ta, Ammi?"

"Shafkat ɗina mana," ta yi dariya har da rufe baki. "Da kamfas ɗin lissafinsa, a hanyar Murri. Babansa zai dake shi, na ce ni ce da allurar mayafi. Ni na zaɓi ledar nan, babansa ya ce ta cika furanni kamar gidan biki."

Rabon da ya ji sunansa a bakinta shekara uku. Ya matso har numfashinsu na haɗuwa, don ta ga fuskarsa da kyau. Ta kuwa dube shi da kyau, cikin mutunci.

"Bawan Allah, ka san shi ne?"

"Na san shi, Ammi."

"Yaron kirki ne," ta ce, tana shafa ledar. "Ya daɗe bai zo ganina ba. Kada ka ga laifinsa, an ce wani babban aiki ne ya riƙe shi."