Maƙwabciya ta Biyu a Ƙofar Korahane

Ranar Talata da hantsi Zakiru yana ɗakin rezo, wato hanyar sadarwar na'urori, na ƙungiyar da yake wa aiki a Dakoro. Ya haɗa ordinatarsa, wato kwamfuta, da rutar, akwatin nan da ke raba wa saƙonni hanya tsakanin asibitocin ƙauye da ƙungiyar ke kula da su. Sabon Maci ta daɗe da shiga rezon. Korahane ce ta rage, jiya aka gama kafa mata antan, eriyar kama saƙo, aka ajiye mata rutar tata.

Aikin ba baƙo ba ne a hannunsa. Ya zaɓi ƙofar rutar da kabul, wayar haɗin Korahane, ya shiga, ya ba ta adireshi, ya sa ta cikin yankin sifili na OSPF, tsarin da kowace rutar ke sanar da maƙwabtanta hanyoyin da ta sani, har kowa ya samu taswirar rezon gaba ɗaya. Ya rubuta kalmar sirri, ya kunna ƙofar. Saura jira. Rutar za ta riƙa aika sallama, duk wadda ta amsa da kalmar sirri daidai ta zama maƙwabciya.

Ya kurɓi shayi, ya duba wa ya amsa. Ta Korahane ta fito. Ƙarƙashinta kuma ga wata.

Ya ɗauka idonsa ne, ya sake dubawa. Tana nan daram, har ta gama musayar taswira da tasa. Da ya karanta lambarta sai kofin ya suɓuce masa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Rutar Agali ce. Agali shi ya koya masa aikin, shi ya tsara rezon, shi ya zaɓi kalmar sirrin da har yau ba a sake ba. Sama da shekara biyar ke nan da ya ɗauki wannan rutar zai kai wani asibiti a arewa, ƴan bindiga suka tare motar. An tsinci gawar direba, Agali kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Aka nema har aka gaji, alƙali ya yanke hukuncin ya rasu, aka yi masa sadaka. Matarsa Aminatu ta yi takaba. Bara Zakiru ya aure ta da yardar dangin Agali, yanzu ma goyo take.

Ya kira Balkisu a waya, majo mai shugabancin asibitin Korahane.

"Madam, wa ya taɓa akwatin da muka ajiye jiya?"

"Ba mutuminku ba ne, Malam Zakiru? Wani buzu ne, ɗazu wasu makiyaya suka kawo shi bisa amalanke, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Da ya ga antan ɗinku sai ya tsaya yana kallo. Ya fiddo wani akwati daga buhu ya haɗa da kansa, ya ce in mutanensa na nan za su gani."

"Ya faɗi sunansa?"

"Ya ƙi. Lahiya dai? Na ji muryarka wani iri."

"Yana da tabo a gira?"

"Yana da shi, ta hagu."

Zakiru bai san lokacin da ya fito ba, ko ƙofar biro bai rufe ba. Mai gadi na tambayarsa bai ji ba. Ya hau moto, babur ɗinsa, ya ɗauki hanyar Korahane, sau da yawa rairayi na neman kayar da shi.

Ya tarar da Agali kwance, an sa masa ruwa a hannu. Mutumin da a da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, yanzu ƙashi da fata, gemu duk furfura. Zakiru ya tsaya bakin gadon.

"Ashe kai ne ke riƙe da rezon," in ji Agali a hankali. "Na ce in ba ku sake kalmar ba, za ta shiga. Ai na hana ku barin kalma ɗaya ta daɗe."

"Shef..." Zakiru ya durƙusa ya riƙe hannunsa, hawaye na zuba. "Mun yi maka sadaka, Shef."

"Na san za ku yi."

A gutsuttsure ya ba da labarin. Saboda ya iya gyaran rediyo da fanon rana mai ba da lantarki ƴan bindigar suka bar shi da rai, suna yawo da shi daga wannan daji zuwa wancan. Rutar tana cikin tarkacensu, ba su san amfaninta ba. Ranar da faɗa ya ɓarke tsakaninsu ya sa ta a buhu ya shiga dare, har makiyaya suka tsince shi. Sunansa kuwa ya ɓoye ne don bai san wanda zai yarda da shi ba.

Ya huta, sannan ya juyo da kai. "Aminatu fa? Da ɗiyata Zuhura, ta yi girma ko?"

Zakiru ya dubi ƙasa. Balkisu, da ke tsaye da allura a hannu, ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta fita ta ja labule.

"Zuhura ta shiga lakwal, tana karatu. Aminatu tana lahiya. Tana gidana, Shef. Bayan alƙali ya yanke, ta fita takaba, na aure ta. Muna da ɗa."

Agali ya zare hannunsa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, leɓensa na motsi ba a jin abin da yake faɗi. Can ya ce, "Fita ka ba ni wuri."

Washegari motar ƙungiya ta kawo Agali Dakoro, jandarmomi suka ɗauki bayaninsa, ya sauka gidan wansa Halidu. Garin ya ɗauka, mutane na zuwa har daga ƙauyuka don su gani da idonsu. Aminatu da aka faɗa mata sai ta zube a tsakar gida, sai da aka yayyafa mata ruwa. Malamai suka zauna suka ce aurenta da Zakiru yana nan, tunda an bi ƙa'ida.

Ran Juma'a bayan masallaci Zakiru ya riƙo hannun Zuhura ya kai ta gidan Halidu. Yarinyar ta laɓe bayansa, ta ƙi ƙarasawa. Agali bai matsa mata ba. Ya gyara tabarma ya ce da Zakiru, "Zauna kai ma, in ta ga ka zauna za ta zo."