Miyar Kifin Gotzon

Gotzon ya dire tukunyar a tsakiyar tebur tana tururi, ya goge hannu a rigarsa.

"Ku miƙo kwanuka, mayunwata. Shekara tara rabonku da girkin kirki."

Babu wanda ya motsa.

Mu shida ne, abokai tun firamare. Kowace Asabar da rana mukan haɗu a ɗakin girkinmu na maza da ke bakin teku, ɗaya ya dafa, sauran su ci. Gotzon maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Yana saurayi ya shiga wata ƙungiya mai ɗaukar bindiga ta yankinmu, aka kama shi, a kurkuku ya sa hannu a takarda cewa ya fita daga cikinsu. Da ya dawo bayan shekara tara, aka rubuta "maci amana" a ƙofarsa. A garinmu kowa ya san 'yan ƙungiya ba sa taɓa mutumin da abokansa ke ci tare da shi. Jira suke su ga an juya masa baya.

Bittor, wanda ƙanensa ke ɗaure har lokacin, ya kifa kwanonsa.

"Ƙanena bai sa hannu a komai ba. Duk wanda ya ci wannan, to, mun san inda ya tsaya."

"Haba Bittor, miyar kifi ce fa!" Gotzon ya yi dariya, sannan ya juyo gare ni. "Eneko, sarkin ci, kai ma?"

Cokali na hannuna. Na dubi sauran, ashe su ma ni suke kallo. Na rantse da mutum ɗaya ya ɗiba, da duk mun ci. Tsoro ya kama ni, na ajiye cokalin, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Gotzon ya zauna ya ci kwano ɗaya shi kaɗai, ya wanke, ya fita.

Ranar Talata da safe aka harbe shi a bakin gidan burodi.

A wurinmu abokan mamaci ne ke ɗaukar akwatin gawarsa a kafaɗa zuwa coci. Ranar jana'iza, matarsa Idoia ta buɗe ƙofa ta tsaya, tana duban titi sama da ƙasa. Ina bayan labule ina kallonta, sanye da baƙar kwat ɗina, har na ɗaura takalmi. An kusa awa ɗaya kafin wasu masu sharar titi huɗu suka jingine tsintsiyoyinsu a bango, suka cire huluna, suka shiga gidan.